Daga Sha Ka Fashe Zuwa Allurar Mako-Mako

Ranar da na fara salla a kan kujera ban gaya wa kowa ba. Magariba ce, cikin hunturun ƙarshen 2023. Na ɗago daga sujada ta biyu, na yunƙura zan miƙe, gwiwata ta dama ta ce sam ba ta san zancen ba. Na dafa gado, na dafa bango, da ƙyar na tashi, numfashina yana fita kamar wadda ta yi surfen gero turmi uku. Sai na leƙa tsakar gida na jawo farar kujerar roba, irin wadda ake haya a gidan biki, na tayar da sallar daga farko a zaune. Shekarata 39 a lokacin. Innarmu ta haura sittin, kuma har gobe goshinta a ƙasa yake sauka.

Wanda ya san ni yanzu ba zai yarda cewa siririya ce ni a tasowata ba. A makaranta tsinken sakace ake kirana. Da aka sa ranar aurena a 2006, Gwaggo ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Wannan a haka za mu kai ta? Dangin miji su ce ba ma ba ta abinci?" Aka shiga gyaran amarya ba kama hannun yaro: kunun gyaɗa, madara, farfesun kaza, da wasu ƙananan ƙwayoyi iri biyu da ake ƙullo mini a leda in sha in zan kwanta. Sha ka fashe. Sai bayan shekaru masu yawa na san sunayensu. Ɗaya dexamethasone ce, maganin kumburi mai ƙarfi da ke sa jiki ya riƙe ruwa, fuska ta cika ta yi fam, ya kuma tayar da sugan jini. Ɗayar cyproheptadine ce, maganin ƙaiƙayi da atishawa da ke buɗe ciki ya saukar da barci. Cikin wata biyu na yi kumatu, kowa ya gan ni sai ya ce tubarkalla.

Ban ce ƙwayoyin nan ne kaɗai suka kai ni inda na kai ba. Haihuwa huɗu na yi, kowacce da jegonta, da kunun kanwa, da gasasshen nama, kuma kowacce ta tafi ta bar mini tsaraba a jiki. Ga sana'ar koyarwa, ga zaman duba littattafan yara da kwanon cincin a gefe. Duk tsawon shekarun nan yabo nake sha. "Hutu ya karɓe ki." "Lallai maigida ya iya kiwo." Babu wanda ya taɓa ce mini cuta ce nake tarawa.

Bayan kujerar nan abin da na fara yi shi ne abin da kowa ke yi. Na shiga Instagram na yi odar shayin rage tumbi, mai kwali kore da hoton wata mace da ƙugu kamar na zanzaro. Kwana huɗu ina zarya tsakanin ɗaki da banɗaki. Warinsa kuwa na san shi tun ina yarinya: filasko ne, wanda kakarmu ke dafa mana in ciki ya ɗaure. Sikeli ya nuna na sauke kilo biyu, na yi ta murna, ashe ruwan jikina ne na zubar. Da na sauya zuwa wani kafso da wata abokiyar aikina ta kawo mini, sai abin ya canza salo: barci ya ƙaurace mini, bakina ya bushe ƙamas, zuciyata tana dukan uku-uku ina tsaye a gaban allo. Wannan bugun zuciyar shi ya kai ni asibiti, ba ƙibar ba.

Likitar da na samu mace ce, ba ta da yawan fara'a amma tana da saurare. Ta juya kwalin kafson ta duba gaba da baya, babu lambar NAFDAC, babu sunan abin da ke ciki. Ta ce akwai wani magani, sibutramine, da aka janye daga kasuwannin Turai da Amurka tun 2010 saboda yana ƙara haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki, amma har yau ana kama shi a ɓoye cikin irin waɗannan kayan da ake cewa na ganye ne zalla. Ta jefa kwalin a kwandon shara ba tare da ta tambaye ni ba.

Aka ɗora ni a sikeli: kilo 104. Tsayina mita 1.60. Ni malamar lissafi ce a firamare, don haka kafin ta taɓa na'urarta na riga na raba 104 da 2.56, wato tsayina sau tsayina, yadda ake lissafin ma'aunin ƙiba, na samu 40 da ɗoriya. Ta ce daga 30 ake kiran abin cutar ƙiba, kuma daga nan ake fara maganar magani, ko daga 27 in akwai wata larura tare. Ni kuwa larurorin ma sun yi sallama: jinina 150 bisa 95, gwajin suga na wata uku ya nuna 6.1, wato ban kai mai ciwon suga ba amma ina bakin ƙofa.

Na ce, "Likita, ni fa allurar nan da ake ta magana nake so."

Ta ce, "Wacce daga ciki, Malama?"

Ban san suna da yawa ba. Ta juya takardar gwajina ta fara rubutu a bayanta, kuma har yau takardar tana cikin jakata. Ta ce idan mutum ya ci abinci, hanjinsa yana sakin wani sinadari da ake kira GLP-1, wanda ke aika wa ƙwaƙwalwa saƙon an ƙoshi, ya kuma sa abinci ya daɗe a ciki kafin ya wuce. Na jiki mintuna kaɗan yake yi ya ɓace. Su alluran nan kwaikwayonsa aka yi, aka sa ya daɗe. Akwai liraglutide, mai suna Saxenda a kasuwa, wadda ake yi kullum, masu yin ta suna sauke kimanin kashi 8 cikin 100 na nauyinsu a shekara. Akwai semaglutide ta kamfanin Novo Nordisk na ƙasar Denmak, sau ɗaya a mako: ita ce Ozempic da aka fitar don masu ciwon suga a 2017, ita ce kuma Wegovy da aka amince da ita don ƙiba a Amurka a 2021, da awo mafi yawa. A babban gwajin da aka yi mata, mutane sun sauke kusan kashi 15 cikin mako 68. Sai tirzepatide ta kamfanin Eli Lilly na Amurka, wato Mounjaro, wadda ke kwaikwayon sinadari biyu a lokaci guda, ita kuma a awonta mafi girma ta kai kashi 20 da 'yan kai cikin mako 72.

Kaina ya riga ya tafi lissafi. Kashi 20 na 104, kusan kilo 21. Na ce, "To ai magana ta ƙare, a ba ni ta ƙarshen."

A nan ne ta ajiye biro ta fara yi mini tambayoyin da a lokacin na ga kamar ba su shafi ƙiba ba. Ko na gama haihuwa? Ko a danginmu an taɓa yin wani mai kansar maƙogwaro, ta ƙullutun nan da ake kira tayirod? Ko na taɓa ciwon ciki mai tsanani da ke sokowa har baya, ko tsakuwa a matsarmama? Awa nawa muke samun wuta a unguwarmu? Sannan ta dube ni ido cikin ido ta ce, "Nawa za ki iya cirewa duk wata, ba na wata uku ba, na shekara biyu ko fiye, ba tare da tukunyar gidanki ta ji a jikinta ba?"

Ta bayyana mini dalili. Waɗanda aka bi sawunsu bayan sun daina semaglutide, cikin shekara guda kusan kashi biyu bisa uku na abin da suka sauke ya dawo. Maganin riƙe cutar yake yi muddin ana yin sa, kamar dai na hawan jini. Na tambayi kuɗin biro ɗaya, wato abin allurar da ke zuwa da siffar biro, mai allura huɗu, na wata guda. Da ta faɗa sai na yi dariya, don ya fi albashina gaba ɗaya. Wannan fa bayan an cire tallafin mai a watan Mayun 2023 an kuma saki naira ta yi ta faɗuwa, duk abin da ake shigowa da shi da dala ya yi tashin gwauron zabi.

Akwai wata ƙwaya mai rage sha'awar abinci, phentermine, amma tun kafin in tambaya ta soke ta da biro, ta ce da wannan hawan jinin nawa da bugun zuciya ba za ta ko kalle ta ba. Abin da ya rage a takardar wanda aljihuna zai iya ɗauka abu biyu ne: metformin, tsohon maganin suga mai araha da ke ɗan taɓa nauyi kaɗan, da orlistat. Ta ɗora ni a kan maganin hawan jini, ta haɗa ni da mai ba da shawarar abinci, na fita da orlistat a jaka ina jin kamar wadda ta je sayen leshi aka auna mata yadin makaranta.

Shi orlistat ba ruwansa da ƙwaƙwalwa. A hanji yake tsayawa ya hana kusan kashi ɗaya bisa uku na maiƙon da aka ci shiga jiki. Tambayar da ban yi ba ita ce: to in bai shiga jiki ba, ina zai tafi? An gaya mini fa, likita ta faɗa, takardar cikin kwali ma ta faɗa, amma ji daban, gani daban. Bayan babbar sallar 2024 aka yi bikin 'yar yayata. Ranar yini aka kawo waina da miyar taushe, man gyaɗa yana kwance a kai, ga soyayyen naman salla da aka adana. Na ce yau ɗaya dai. Na ci, na kora da ƙwayata kamar yadda aka ce. Wajen la'asar ina zaune cikin mata a kan tabarma, cikin sabon leshina ruwan madara, na ji abin da na ɗauka iska ce kawai. Ba iska ba ce. Mai ne, ja kamar manja, ya ratsa siket ya fito. Ƙanwata ce ta lura, Allah ya yi mata albarka, ta yafa mini mayafinta ta baya ta ce da ƙarfi, "Yaya, zo ki ga kayan ɗakin," ta tasa ni gaba har banɗaki. A adaidaita na koma gida a zaune kan leda.

Sai dai in faɗi gaskiya, maganin ya koya mini abin da wa'azin mai shawarar abinci bai koya mini ba. Tsoron kunya ya raba ni da ƙosai da fanke da soyayyar doya. Na koma auna mai da cokali maimakon tuttulawa daga galan. A wata huɗu na sauka zuwa 101. Kilo uku, da ƙwayar bitamin da ake sha da dare saboda maganin yana tafiya da bitamin A da D da E da K tare da maiƙon. Amma tuwo da shinkafa da burodi ba maiƙo ba ne, kuma yunwata tana nan daram. Gwiwa ma ba ta san an yi ba.

Abin da ya fi buɗe mini ido shi ne benci. Duk wanda ya san layin asibiti ya san cewa kafin a kira lambarka ka san tarihin na kusa da kai har kakanni. A kan bencin nan na gane cewa kusan babu wanda ya zaɓi maganinsa saboda alƙaluman da ke bayan takardata.

Akwai wata Hajiya mai harkar atamfa a Kwari, wadda kuɗi ba matsalarta ba ne, daga tafiye-tafiyenta take taho da Mounjaro cikin 'yar jakar sanyi. Ita damuwarta amai. Duk ranar da aka ƙara mata awo sai ta yi kwana biyu ba ta leƙa shago ba, har ta ce wa likita a mayar da ita ƙaramin awo, ta gwammace ta sauke kaɗan da ta riƙa kwanciya kasuwa tana ci. Akwai wani Alhaji mai ciwon suga da ke safarar kaya tsakanin Kano da Maraɗi, ƙaton mutum, wanda ya rantse shi da allura sai dai in a sume yake. Ya zaɓi semaglutide ta haɗiya, Rybelsus, duk da sharaɗinta: da sassafe kafin a ci komai, da ruwa 'yar kurɓa, sannan a jira rabin awa. Ya ce yana haɗiya in ya tashi asuba, kafin ya dawo daga masallaci ya gama lazimi lokacin shayi ya yi. Ga shi ba ta buƙatar firij, a aljihun gaban mota take zama.

Wadda ta fi tsaya mini a rai wata yarinya ce da ba ta wuce 26 ba, shekara huɗu da aure babu ko ɓatan wata. An ce ƙibar da matsalar ƙwan haihuwa ne suka haɗu. Mijinta ya yarda zai sayi allurar. Amma da aka gaya mata cewa ba a yin ta da ciki, kuma sai an daina semaglutide da aƙalla wata biyu kafin a nemi ciki, wato dole ta yi tsarin iyali na wasu watanni, sai ta ce a'a. Ta ce mini a hankali, "Anti, in uwar mijina ta ji ina shan maganin hana haihuwa, wa zai tsaya ya saurari bayani?" Metformin ta karɓa, da tafiyar ƙafa. Ban ga laifinta ba, ko da yake a raina na so a ce ta samu wanda zai tsaya mata na wata shida kacal.

Ni tawa matsalar a gida ta wani fannin ce. Abban yara cewa ya yi, "Ni na ce miki ki rame? Ni a haka nake son kayata." Sai da na sa shi ya tsaya ya kalli yadda nake salla, ya ga kujerar da na yi wata tara ina ɓoyewa a bayan ƙofa in na ji motsinsa. Bai ce komai ba a daren. Washegari ya tambaye ni nawa ne.

Muka zauna lissafi. Ina da adashi, ina da sarƙar gwal ta gadon aure da ban sa ba tun sunan autana, kuma Yayana da ke Abuja ya ce zai ɗauki rabin kuɗin kowane wata. A watan Yulin 2024 aka sa hannu kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, abin da ya sa na ƙara jin nauyin abin da nake shirin yi: kuɗin da ya fi abin da wani magidanci zai ciyar da iyalinsa wata guda, ni zan soka a cikina. Mounjaro ta fi ƙarfinmu nesa ba kusa ba. Saxenda kuwa allura kullum, kuma in aka tara kuɗin wata ba sauƙi ba ne. Muka tsaya a kan Ozempic, wadda ita ce na fi samu a manyan kantunan magani, likita ta rubuta mini ita bisa la'akari da sugana da ke bakin ƙofa.

Ana cikin haka wata a zauren WhatsApp na matan unguwa ta sa hoton biron, a rabin kuɗi, wai kai tsaye daga waje. Wallahi na kusa tura kuɗi. Na nuna wa mai harhaɗa magani a kantin da nake saye, wani dattijo mai gilashi a kan hanci. Ya ce, "Hajiya, araha ba ta ado." Ya gaya mini cewa a watan Yunin 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da gargaɗi kan jabun semaglutide da aka kama a Burazil da Ingila da Amurka, kuma a Ostiriya an kwantar da mutane a asibiti a 2023 bayan sun yi amfani da jabun biro, sugansu ya faɗi warwas, ana zargin insulin, allurar saukar da suga ta masu ciwon suga, aka ɗura a ciki. Ya ce in ƙasashen da ke da tsauraran matakai abin ya ratsa su, ina ga biron da ya zo a akwatin wata ba a san ko ya kwana nawa a rana ba.

Na yi allurar farko ranar wata Juma'a a watan Satumba, bayan isha'i. Na zauna a bakin gado na fi minti ashirin da biro a hannu. Tsinin bai kai tsawon ƙwayar shinkafa ba, siriri kamar gashi. Na murɗa har 0.25 ta fito a 'yar tagar, na kama fatar cikina, na yi bisimilla na danna, na ƙirga shida kamar yadda aka koya mini. Ko cizon sauro ya fi shi zafi. Mako huɗu a haka, sannan 0.5, daga baya 1.

Abin da ya faru a kaina ya fi abin da ya faru a sikeli ban mamaki. Shekara da shekaru tunanin abinci yana bina kamar mai bin bashi: ina karin kumallo ina tunanin na rana, ina aji ina tuna sauran shinkafar da ke tukunya. A mako na uku sai na wayi gari mai bashin bai zo ba. Na zuba tuwo malmala biyu yadda na saba, na ci rabin ɗaya, na ji kamar an rufe ƙofa. Na zauna ina kallon kwanon. Ashe haka sauran mutane suke ji? Duk shekarun da nake zagin kaina da rashin haƙuri da kwaɗayi, ashe akwai abin da ke jikina da ba ya aika saƙo yadda ya kamata.

Ba kyauta na same shi ba. Tashin zuciya kamar na sabon ciki, musamman kwana biyun farko bayan allura. Gyatsa mai warin ruɓaɓɓen ƙwai da ke sa ni kau da kai daga yara a aji. Ciki ya ɗaure sai da na koma ga zogale da kuɓewa da ruwa mai yawa. Gashina ya riƙa biyo mataji. Likita ta dage sai na riƙa cin wake da ƙwai da kifi ko ba na so, in kuma yi tafiya, don kada tsoka ta zube tare da kitsen. Ga bakin mutane. Da na fara faɗawa, wata maƙwabciya ta ja ni gefe ta ce, "Lafiya kuwa? Ko Malam ne zai ƙara aure?" Wata kuma ta kawo mini rubutu, wai ko sammu ne.

Azumin 2025 ya zo a farkon Maris. Na tambayi malaminmu na Islamiyya, ya ce allurar da ba ta abinci ba ce ba ta karya azumi a wurin malamai da yawa, ni kuma dama da dare nake yi. Yunwa ba ta dame ni ba ko kaɗan, ƙishirwa ce abin tsoro, don maganin yana sa mutum ya manta da ruwa, ga zafin Kano ya fara kankama. Sai na riƙa ajiye gora biyu a gabana daga buɗa-baki zuwa sahur, sai na ga ƙarshensu.

A cikin azumin nan ne kuma na yi asarar da har yau in na tuna sai cikina ya juya. Biron da ba a fara amfani da shi ba dole ya zauna a sanyi tsakanin digiri 2 zuwa 8, kuma ko kusa kada ya daskare. Unguwarmu aka yi kwana biyar babu wuta. Na ɗauki sabon biro, wanda na saya kwana uku kafin nan, na naɗe a leda na kai gidan maƙwabciyata mai sola da ke sayar da zoɓo da ƙanƙara, na roƙe ta ta sa mini a ƙasan firij wajen kayan miya. Ta sa. Da yamma ana rububin masu sayen ƙanƙarar buɗa-baki, 'yarta ta ga leda ta ɗauka ƙullin zoɓo ne, ta mayar cikin firiza. Da na je ɗauka ranar Juma'a, ruwan cikin ya zama dutse. Na kira dattijon kantin magani ina rawar murya, ko in ya narke zai yi. Ya ce, "Hajiya, sai haƙuri. Jefar da shi." Na zauna a soron gidan mutane da azumi a bakina na yi kuka kamar an yi mini mutuwa. Maƙwabciyar ta fi ni shiga damuwa, ta ce za ta biya a hankali, na ce da kuɗin zoɓon nawa?

Amma a goman ƙarshe na wannan azumin, ina kilo 94, na shimfiɗa darduma na ce bari in gwada. Na sauka a hankali, gwiwa ta yi ƙara amma ta karɓa. Goshina ya taɓa ƙasa karon farko cikin wata goma sha biyar. Na daɗe a sujadar nan har autana ya zo ya taɓa ni ya ce, "Umma, barci kike?"

Na kai 91 a watan Yuni. Jinina ya sauka, gwajin suga ya dawo 5.6. A watan ne kuma Yayana ya kira, da kunya a muryarsa, ya ce aikin da yake samu ya tsaya, ga auren 'yarsa ya matso. Na ce Yaya ai ka yi abin da ba kowa zai yi ba. Kuɗin sarƙa ya riga ya ƙare tuni. Likita ta sauko da ni zuwa 0.5 na wata guda, sannan muka tsaya, ta mayar da ni kan metformin.

Mai bashi ya dawo a mako na huɗu. Na san shi da ganin farko: ina wanke-wanke na tsinci kaina ina kankare ƙanzon shinkafa ina kaiwa baki. Yanzu wata biyar ke nan, sikeli yana nuna 95. Ina tafiya daga gida zuwa makaranta da ƙafa, minti talatin da biyar, ina auna mai da cokali, tuwo malmala ɗaya in tashi ko ciki yana kira. Har yanzu a ƙasa nake sujada. Kujerar tana tsakar gida an ɗora mata bokitin wanki.

Talata mai zuwa nake da layin asibiti. A bayan tsohuwar takardar nan, ƙarƙashin rubutun likita, na ja layi na yi lissafi gida biyu: kuɗin komawa kan ƙaramin awo na shekara guda, da kuɗin makarantar babbar 'yata da za ta rubuta jarrabawar fita sakandare. Kwasata ta adashi a Janairu take, watan da ake biyan kuɗin zango na biyu. Jiya da dare Abban yara ya ɗauki takardar ya daɗe yana dubawa da fitilar waya, sannan ya ninke ta ya mayar mini cikin jaka. Ya ce, "Bari dai a kawo waken gona mu ga abin da buhu zai yi bana."